Ushna a Matsayin Shaida kan Gurɓatar Iska: Tarihin Shaidarta a Turai da Sharuɗɗan Karɓarta a Ƙasashenmu

Ina roƙon ku tattaro hankalinku zuwa ga wata halitta ƙanƙanuwa, wadda da wuya a sami ɗayanmu da bai taɓa jingina da ita a jikin itace ba, ko ya zauna a kanta bisa fa, alhali bai san rayayya ce ba, balle ya san cewa masana a ƙasashen Turai sun shekara fiye da 150 suna kafa ta shaida a kan lafiyar iskar da mutane ke shaƙa. Nufina in bi tarihin wannan shaida, in nuna inda ta yi gaskiya da inda aka tuhume ta, sa'an nan in zo kan abin da ya fi damuna, watau sharuɗɗan da ya wajaba a cika kafin a karɓi maganarta a ƙasashenmu na rani da hunturu, gama kowane ɗalibin fiƙihu ya san alƙali ba ya yanke hukunci da bakin shaida sai an yi wa shaidan tazkiyya.

Sunanta da haƙiƙarta

Wanda ya taɓa hawa dutsen Kufena kusa da Zariya, ko ya ratsa duwatsun Jos da damina, ya ga wasu tabo-tabo a jikin duwatsu da itatuwa, wasu ruwan toka, wasu kore-kore, wasu ruwan ɗorawa, masu kama da makero ko kyasbi a fatar mutum. Wanda kuwa Allah ya nufe shi da hawa tsaunin Mambila ya ga wata irinta tana reto daga rassa sai ka ce furfurar gemun dattijo. Turawan Ingila suna ce mata laikin, Larabawa kuwa ushna, da wannan suna ne kuma likitocin Musulunci na da, irin su Ibnu Sina da Ibnul Baiɗar, suka ambace ta cikin magunguna, daga gare shi ne ma masanan tsirrai na Turai suka samo Usnea, sunan da suka raɗa wa mai kama da gemun nan. Alhazanmu masu kutsawa rumfunan kayan yaji a Makka da Madina sun san wata irinta busasshiya da ake kira shaiba, wadda ake jefawa a tukunya don ƙamshi. Tun da yake kalmar Larabcin ta fi sauƙi a harshenmu, tana kuma da asali a littattafan da muka gada, da ita zan yi aiki har ƙarshen wannan takarda.

Haƙiƙar ushna abin mamaki ce, domin halittu biyu ne suka haɗu a jiki ɗaya. Ta farko fumfuna ce, 'yar'uwar wadda ke fitowa a kan tuwon da aka manta da shi a kwano. Ta biyu kuwa ƙwayoyin gansakuka ne, dangin koren nan da ke kwantawa a kan ruwan kududdufi. Fumfuna ita ke gina gida, ta kama jikin itace ko dutse, ta riƙe ruwa, ta yi wa abokiyar zamanta inuwa. Gansakuka kuwa, da yake ita Allah ya hore wa sarrafa hasken rana, ita ke ciyar da gidan. Wani masani mutumin Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara bayyana wannan a 1867, ya kuma siffanta zaman nasu da na ubangida da bayinsa, ko da yake na bayansa sun fi son su ce zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Manyan masanan ushna na zamaninsa suka yi masa ca, suka ce tatsuniya ce, cikinsu kuwa har da wanda za mu ambata nan gaba kaɗan, William Nylander, wanda ya rasu a 1899 bai sallama ba. Yau an san nau'o'inta wajen 20,000, daga masu manne wa dutse kamar fenti, zuwa masu buɗewa kamar ganye, zuwa masu reto kamar gashi.

To, me ya sa ushna ta cancanci zama shaida, aka bar tsamiya da kuka da sauran manyan itatuwa? Dalili shi ne raunin da ke cikin halittarta. Itace yana da saiwa da yake sha da ita daga ƙasa, ƙasa kuwa tana tace abin da ta ba shi. Ganyensa yana da rufi mai santsi kamar kakin zuma, da 'yan ƙofofi da yake rufewa in iska ba ta yi masa ba. In kuma ganyen ya sha dafi, kaka na zuwa ya kakkaɓe shi ya sake sabo. Ushna ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta da saiwa, ba ta da rufi, ba ta zubar da ganye; da dukan jikinta take shan ruwan sama da raɓa da hazo, tare da duk abin da ya narke a cikinsu, mai kyau da mugu, ta kuma riƙe shi shekara da shekaru, domin wasu nau'o'inta ba sa ƙara ko milimita ɗaya a shekara. Idan iskar farar wuta, wadda ke fita daga ƙona kwal da man da ba a tace sosai ba, ta narke a jikinta mai laima, sai ta zama ruwa mai tsami da ke lalata koren gansakukar. In mai dafa abinci ta mutu kuwa, ba sai an faɗi makomar mai gida ba.

Yadda Turai ta karɓi shaidarta

Tun a 1859 wani masanin tsirrai na Mancesta, Leo Grindon, ya lura cewa ushna tana ƙaura daga kewayen birninsu, ya kuma ɗora laifin a kan hayaƙin masana'antu. Amma wanda ya mai da lura ta zama ilmi shi ne Nylander, mutumin Finlan mazaunin Faris, wanda a 1866 ya shiga lambun Luksambur da ke tsakiyar birnin, ya bi itatuwa da bangaye yana rubuta sunan kowace ushna da ya gani, ya kuma yi hukunci cewa wannan halitta za ta iya zama ma'aunin lafiyar iskar gari. Shekara 30 bayan haka, a 1896, wani limamin Kirista masanin ushna mai suna Hue ya bi sawunsa a lambun, ya tarar da itatuwan sun zama sumul. Ina so a riƙe wannan ƙissa, domin ba don Nylander ya rubuta abin da ya gani ba, da Hue ba shi da abin da zai gwada nasa ganin da shi, da kuwa babu wanda zai san an yi hasara.

A 1926 Rutger Sernander ya zana taswirar birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, ya kasa ta uku: tsakiyar gari, wadda ya kira hamadar ushna saboda babu ko ɗaya a jikin itatuwanta, sai kewayenta, inda 'yan kaɗan ke ta fama, a tsuke, a ƙanjame, sai bayan gari, inda take zaune lafiya yadda aka san ta. Bayansa aka yi ta zana irin wannan taswira a birane da yawa, kusan ko'ina kuwa siffar ɗaya ce, da'ira cikin da'ira, sai dai hamadar takan miƙe ta bi inda iska ta saba kai hayaƙi.

Abin da ya sa hukuma ta farka ba mutuwar ushna ba ne, mutuwar mutane ce. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 hazo ya haɗu da hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan, mutum bai ganin tafin ƙafarsa a titi, aka ƙidaya mamata wajen 4,000 a lokacin, masu bincike na baya kuma suka kai adadin kusan 12,000. Daga nan aka kafa dokar tsabtace iska ta 1956, aka kuma yawaita na'urorin awon hayaƙi da farar wuta a garuruwan Ingila. Waɗannan na'urori su suka zama masu tazkiyyar ushna, domin a 1970 David Hawksworth da Francis Rose suka ɗauki alƙaluman da na'urorin suka tara, suka jera su gefe da gefe da nau'o'in ushnar da ke jikin itatuwan Ingila da Wales, suka fitar da mizani mai hawa 11, daga sifiri zuwa 10. A hawan sifiri babu komai a jikin itace. Inda farar wuta ta kai wajen maikurogiram 150 a kowace mita ta iska lokacin sanyi, watau akwatin iska mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya, sai ka ga wata mai taurin rai, Lecanora conizaeoides, a gindin itace kawai, kamar an yayyafa toka. Sai awon ya sauko ƙasa da 30 kafin a ga Lobaria pulmonaria, mai faffaɗan ganye wanda magabatan Turawa suka ga ya yi kama da huhu. Ashe ke nan mutumin da ya san sunayen ushna, ba shi da komai sai gilashin ƙara girma a aljihu, yana iya duban itace ya faɗi kimanin abin da na'ura mai tsada za ta faɗa. A shekarar dai LeBlanc da De Sloover suka fito da wata hanyar lissafi a birnin Mantiriyal na Kanada, wadda ke haɗa yawan nau'o'i da yawan kowannensu ta ba da adadi ɗaya.

Saboda sauƙin abin, a farkon shekarun 1970 aka sa dubban 'yan makaranta na Birtaniya suka duba itatuwa da bangayen unguwanninsu da mizanin da aka sauƙaƙa musu, Oliver Gilbert ya tattara abin da suka aiko ya buga a 1974, taswirar yaran kuwa ba ta saɓa wa ta manya ba. Galibin yaranmu ma sun taɓa riƙe ushna a ɗakin gwaji ba su sani ba, domin takardar litmus da ke komawa ja cikin ruwa mai tsami, daga jikin wata ushna ake samo rininta.

Tuhumar da aka yi mata

Ba a rasa masu jayayya ba, kuma jayayyarsu ta fi shafarmu da duk abin da na ambata. Wani masani na ƙasar Folan, Jan Rydzak, ya tsaya a shekarun 1950 da 1960 a kan cewa an zalunci hayaƙi. A ganinsa birni ya fi ƙauye zafi da bushewa, ruwan sama na sauka a kan kwalta ya bi lambatu ya tafi, raɓa ba ta sauka sosai, saboda haka ƙishirwa ce ke korar ushna daga birni. Hujja ce mai ƙarfi, gama duk inda aka sami hayaƙi an sami bushewa, ba a kuwa iya raba illa biyu da suka lizimci juna da musu kawai. Zamani ne ya raba gardamar. Da aka rage ƙona kwal a Landan, farar wuta ta ragu ƙwarai, alhali birnin yana nan da kwaltarsa da zafinsa, sai ga ushna tana komowa. Rose da Hawksworth suka ba da rahoton haka a 1981, a 1991 kuma Mark Seaward da Letrouit-Galinou suka ba da labarin komowarta jikin itatuwan lambun Luksambur, bayan kusan shekara 100 da Hue ya tarar da su sumul. Ita kuwa Lecanora mai taurin ran nan, wadda ta mamaye Ingila a zamanin hayaƙi, sai ta shiga ja da baya, har ta zama abin nema a wuraren da da ake tuntuɓe da ita. Rydzak ya sha kaye a Turai, amma kada mu yi gaggawar binne maganarsa, za mu bukace ta.

Komowar ma ba ta zo yadda aka zata ba. An yi tsammanin waɗanda suka tafi su za su dawo bi da bi, sai aka ga masu ruwan ɗorawa irin su Xanthoria parietina sun riga kowa, sun cika itatuwan bakin titi da na kusa da garken dabbobi. A ƙasar Holan, inda kiwon aladu da shanu da kaji ya yi yawa ainun, aka gane cewa iskar amoniya mai tashi daga fitsari da kashin dabbobi ita ke kashe tsamin ɓawon itace, ta ciyar da waɗannan nau'o'i, ta kori masu son tsami. Hayaƙin motoci ma yana da nasa rabon a wannan. Da kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya: mizanin 1970, duk da kyansa, ya daina aiki a ƙasar da aka ƙirƙire shi tun masu shi suna raye, aka koma ƙera wasu don awon naitirojin. Itace yana iya cika da ushna fal, iskar wurin kuwa ba ta da lafiya.

Shaidarta ba ta tsaya ga itatuwa ba. A 1997 Cislaghi da Nimis suka gwada taswirar ushna ta lardin Beneto na arewacin Italiya da taswirar mutuwa ta sanadin sankarar huhu, suka ga inda ushna ta yi ƙaranci nan ne cutar ta fi kashe maza 'yan ƙasa da shekara 55 daga cikin haifaffun wurin. Wannan ƙarina ce mai nauyi, ko da yake ba ta kai matsayin bayyina a kan sanadi ba. Akwai kuma abin da ya auku bayan fashewar tashar nukiliya ta Carnobil a ranar 26 ga Afrilu 1986, sa'ad da iska ta kwashi gubar siziyam ta kai arewacin Suwidin da Norwe, ruwan sama ya sauke ta a kan ushnar ƙasa wadda barewar ƙanƙara ke ci lokacin sanyi, ushnar ta shanye ta ta riƙe, har aka hana cin naman dubun-dubatan dabbobin al'ummar Sami, waɗanda kiwon nan shi ne rayuwarsu kamar yadda shanu suke ga Fulani. Daga wannan muke fahimtar cewa ushna tana ba da shaida ta hanya biyu, ko dai da rashinta, ko kuwa da abin da ta ajiye a cikinta.

Ƙiyasin da bai inganta ba

Yanzu na zo kan tamu. Bukatarmu ga shaida mai araha a fili take, domin na'urorin awon iska suna da tsada, suna son wutar lantarki da ba ta yankewa da gwanin gyara a kusa, ga kuma abin da za a auna birjik: injinan ba da wuta a kowace kasuwa, babura da keke mai ƙafa uku, juji da ake cinna wa wuta, tayoyin da ake babbaka da su a mayanka, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, kamfanonin siminti na Kalambaina da Ashaka, da baƙin tokar da ta addabi Fatakwal tun ƙarshen 2016. Farar wutar da Turai ta kora ma ba ta bar duniya ba, gama a lokacin da ƙa'idar Turai ta tsaya a kan kashi 10 cikin miliyan a man dizal, ta Nijeriya tana barin har 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50. Saboda haka ban ga laifin ɗalibin da ya karanta aikin Hawksworth da Rose ya ji kamar ya ɗauki mizaninsu ya fita titi da shi ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na fita da ɗalibai da rani muka zaga itatuwan wata unguwa ta masana'antu, muka tarar da jikinsu sumul, har na fara murna a zuci na sami hujjar da zan kafa wa masu hayaƙi. Da Allah ya sa muka ƙarasa wani ƙauye mai nisa wanda ko injin niƙa babu, sai muka tarar da itatuwansa ma sumul suke, na haɗiye hujjata muka komo gida. Malaman usulu suna cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illar da ke cikin asali ta tabbata a cikin reshe, in kuwa akwai bambanci mai tasiri tsakaninsu, ƙiyasin ya rushe. Asalin mizanin nan ƙasa ce da ruwa ke sauka kowane wata, wadda ushna za ta rufe kowane itace in ba a hana ta ba, saboda haka rashinta a can yana nuna akwai mai hanawa. Reshen da muke so mu ɗora wa hukuncin kuwa ƙasa ce da take yin wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, wadda laimar iskarta takan faɗi ƙasa da 20 cikin 100 da tsakar rana a hunturu. Maganar Rydzak da ta faɗi a Landan, a Kano da Katsina da Damagaram tana tsaye da ƙafafunta. Shaidan da bai halarci wuri ba, ba a fassara shirunsa.

Bayan fari akwai ƙura. Hazon hunturu, wanda mafi yawansa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, yana sauka a jikin kowane itace, na birni da na daji. Masu bincike a ƙasashen bakin Bahar Rum kuwa sun riga sun lura cewa ƙura kaɗai takan kashe tsamin ɓawo ta jawo nau'o'in nan masu ruwan ɗorawa, waɗanda Baturen Holan zai karanta a matsayin alamar amoniya. Akwai ƙunar daji, wadda Wolseley da Aguirre-Hudson suka nuna a arewacin Tailan, a shekarun 1990, cewa tana sauya nau'o'in ushnar da ke jikin itatuwa gaba ɗaya. Akwai kuma hannun mutane, wanda ba ya cikin lissafin kowane littafin Turai: maɗacin da masu magani suka sassaƙe, gindin itacen da aka shafe da farar ƙasa domin zuwan babban baƙo, darbejiyar da aka mai da allon manna hotunan 'yan takara, da wadda aka ɗaure akuya a jikinta shekara da shekaru. Itacen turare ma, da ya cika makarantunmu, ba ya shiga wannan aiki, domin yana tuɓe ɓawonsa tare da duk abin da ke kai.

Wata iyaka kuma wajibi ne a faɗe ta, don kada mu yi wa mutane alkawarin da ba za mu cika ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida, na itace da gawayi da kananzir, yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, galibin masu shaƙarsa kuwa mata ne da 'ya'yan da ke goye a bayansu. Ushna ba ta shiga madafi, ba ta da abin cewa a kan wannan.

Inda shaidarta za ta karɓu

Ba ina nufin a sallami shaidan ba ne, ina nufin a kira shi a inda ya halarta. A wuraren da ke da laima, irin su Jos da kudancin Kaduna da Abuja da Mambila da tuddan Adamawa har zuwa Ngaundere, ƙidaya nau'o'i tana iya aiki, da sharaɗin a tsaya kan itace iri ɗaya, a kuma gwada birni da ƙauyen da ya yi daidai da shi a tudu da ruwan sama. Mangwaro ya dace da wannan, domin yana ko'ina, masanan Indiya kuma sun daɗe suna aiki da ushnar da ke jikinsa, musamman Pyxine cocoes, mai jure wa iskar biranen ƙasashe masu zafi. Hanyar ƙidayar da Turai ta daidaita a kanta a 2014 ba ta da wuya: tsani ne mai gida biyar, kowane gida santimita 10 tsawo da faɗi, a rataya shi a jikin itace mita ɗaya daga ƙasa, ta gabas da yamma da kudu da arewa, a rubuta nau'in da ya bayyana a kowane gida. Hanyar za mu ara. Fassarar adadin da ya fito kuwa sai mun gina tamu, ta wajen ajiye na'ura a 'yan wurare a gwada maganarta da ta ushna, kamar yadda aka yi a Ingila kafin 1970.

A busassun garuruwanmu kuwa, hanya ta biyu ce ta fi dacewa, watau tambayar ushna abin da ta ajiye. Tun a 1961 Irwin Brodo ya nuna a Amurka cewa ana iya ɓamɓaro ushna da ɓawonta daga wuri mai tsabta a dasa ta a wurin da ake tuhuma. Yau ana zuba ta a 'yan jakunkunan raga, a rataya a unguwanni na tsawon makonni ko 'yan watanni, sa'an nan a kai ta ɗakin gwaji a auna dalma da sauran ƙarafa masu guba da ta kama. 'Yan'uwanmu na Gana sun riga mu, domin a 2010 masu bincikensu sun buga sakamakon awon ƙarafa a jikin ushnar yankin haƙar zinariya na Tarkwa. Kayan aikin ma muna da su, gama Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ke iya tantance ƙarafa da yawa a ɗan samfuri guda, Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya kuma tana da garin ushna da ta tanada musamman don kowane ɗakin gwaji ya daidaita awonsa da shi. Sai dai a nan ma ƙura tana iya yin shaidar zur, domin ita kanta ƙasa tana ɗauke da ƙarfe. Maganin wannan shi ne a gwada kowane ƙarfe da wani wanda aka san daga ƙasa yake zuwa, kamar alminiyam, abin da ya haura rabonsa na asali shi ne aikin ɗan Adam. Duk wanda ya tuna abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ya san amfanin jakar da za a rataya a bakin wurin niƙan dutse ta yi gargaɗi tun da wuri, ko da yake ba za ta maye gurbin gwajin jini da na ƙasa ba. Ina kuma gargaɗin masu ɗebowa su ji tsoron Allah su ɗiba kaɗan, kada a tsiyata dajin Mambila saboda awon Kano, gama abin da aka tsige a yini ɗaya yakan ɗauki shekaru kafin ya komo.

Roƙona ga malaman sashen ilmin tsirrai da ke wannan zaure, da shugabannin makarantun sakandare, shi ne kowa ya zaɓi itatuwan mangwaro 10 a harabarsa da 10 a wani ƙauye na kusa, ya sa musu lamba, ya ɗauki hotonsu, ya rubuta abin da ke jikinsu da kwanan wata, ko da abin da zai rubuta shi ne babu komai, ya kuma ajiye samfuri a ambulan a ma'ajiyar tsirrai ta jami'a mafi kusa, domin wanda zai zo bayan shekara 30 ya sami abin da Hue ya samu a wurin Nylander. Kayan aikin ba su wuce gilashin hannu mai ƙara girma sau 10 ba, da igiyar awo, da wuƙa, da littafi. A fara da daminar bana.